Daɗin Baki a Waya, Shiru a Falo

Shekarun baya, lokacin ina budurwa a gidanmu da ke Rijiyar Lemo, ba na jin akwai wanda ya kai ni riƙon waya a duk layinmu. Asalin iyayena mutanen Borno ne. Kakanninmu ne suka zo Kano fatauci suka zauna a Fagge, mu da aka haifa a nan kuwa ba mu tsira da komai na yaren ba sai gaisuwa. Abin da dai bai bar gidanmu ba shi ne haɗa turaren wuta da humra. A hannun mahaifiyata na koya, da na gama makaranta aiki bai samu ba sai na mayar da shi sana'a. Ba ni da shago, wayata ce shagon. In jera kwalabe in ɗauki hoto in ɗora, masu so su yi min magana, in aika musu.

To kun ga na samu mafaka. Duk wanda ya ce na cika danna waya, amsa ɗaya ce: "Kasuwa nake yi." Alhali in za a bi gaskiya, kasuwar ba ta cin ko rubu'in lokacin. Sauran duk leƙe-leƙe ne. Bikin mutanen da ban sani ba, rigimar mutanen da ba su san ina duniya ba, girkin da ba zan taɓa yi ba. Ina wanke shinkafa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya. In aka turo min saƙon murya, ba na iya sauraronsa yadda mai shi ya faɗa, sai na danna wurin nan da ke sa shi gudu, mutum ya riƙa zuba kamar an biyo shi da bulala. Har wa'azi haka nake jin sa, Allah ya yafe mana.

Akwai ranar da mahaifiyata take faɗa min an kwantar da maƙwabciyarmu a asibiti, ni kuma ina kallon yadda ake wani sabon ɗaurin ɗankwali. Na ji dai ta yi magana ta tsaya, alamar amsa take jira, sai na ce, "Kai, masha Allah! Allah ya sanya alheri."

Ta kalle ni ta ce, "Amin. Ke kuma Allah ya shirye ki."

A cikin wannan hali na haɗu da mutumin da nake son ba ku labarinsa.

Yayarsa kwastomata ce, tana da shagon kayan kicin a kasuwar Sabon Gari. Wata rana hidima ta yi mata yawa sai ta ba shi lambata ta ce ya yi mata odar turare. Saƙonsa na farko har yau ina iya kawo shi da ka: "Salamu alaikum. An aiko ni sayen turaren wuta, ni kuwa ban san bambancinsa da hayaƙin murhu ba. Don Allah a zaɓa min wanda ba za a koro ni da shi ba."

Na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida. Na zaɓa masa, na aika. Washegari ya rubuto godiya, ya ce ba a koro shi ba, har an ba shi abinci da nama biyu. Daga nan hira ta ɓalle.

Jama'a, mutumin nan ya iya rubutu. Ba irin kalaman nan da samari ke kwasowa daga intanet su liƙa wa kowace mace ba. Abin da ya gani a hanya zai ba ki, amma sai kin riƙe ciki. A wani ofis da ke Titin Ibrahim Taiwo yake aiki, masu zanen gine-gine, kuma kullum da labarin da zai kawo: attajirin da ya zo yana son a zana masa gida mai ɗaki goma sha a filin da ko akuya aka ɗaure sai ta yi ƙorafi, ko direban adaidaita sahun da ya yi masa nasiha tun daga Fagge har ofis a kan illar zama gwauro. In na faɗi abu, ko bayan sati ne sai ya tuno min da shi. Ya gaya min gidansu gidan malamai ne da alƙalai a wani gari gabas da Kano, mahaifinsa limami ne. Ni dai na san na kamu tun kafin in ga fuskarsa sosai.

Bai tsaya wasa ba. Bayan 'yan watanni ya tura baffansa wajen mahaifina a rumfarsa ta Kasuwar Singa. Baba ya yi bincikensa, ya ji abin da ya kwanta masa, ya ce a ba shi izini ya riƙa zuwa zance.

Ranar da zai fara zuwa, Asabar ce bayan la'asar, na gyara falon baƙi kamar za a yi gasa. Na cika kasko da garwashi na zuba turaren da na fi ji da shi, na rufe tagogi don ya kama labule da kujeru. Na kawo zoɓo da cincin. Ya yi sallama ya shigo, dogo, cikin farin yadi, da murmushinsa. Na zauna a kujerar da ke fuskantarsa, wayata a kan cinya, ina jiran a fara zuba min labari irin na waya.

"Ina wuni," in ji shi.

"Lafiya lau. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

Shiru. Can ya gyara zama ya ce, "Dama..." sai ya tsaya. Idonsa a kan darduma, leɓensa ya ɗan motsa. Ni kuwa shiru a lokacin ba abin da nake iya ɗauka ba ne, ji nake kamar ƙaiƙayi. Wayar ta yi ɗan motsi a cinyata, na ce bari in leƙa kafin ya haɗo maganar. Wata ce take tambayar ko akwai humra fara. Na amsa mata, na ɗan gangara ƙasa na ga wani hoto, na ɗago. Ya rufe bakinsa, yana murmushi.

"Kana cewa?"

"A'a. Ba komai."

Haka muka yi ta yi har aka kusa kiran magariba. Ya fara, ya tsaya, in sunkuya, in ɗago, ya fasa. Ya yi sallama ya tafi. Ban gama kwashe kofuna ba saƙo ya shigo, dogo har sai da na gangara. Ya yaba cincin ɗin, ya ce agogon bangon falonmu da ya tsaya ya burge shi, don ya nuna a gidan nan ba a korar baƙo. Ya ce akwai abubuwa da yawa da ya so faɗa. Na kwanta a kan kujera ina karantawa ina dariya, na ce a raina kunyar ranar farko ce.

Ashe ba ta ranar farko ba ce. Sati ya bi sati, abin bai canja ba. Har muka kai ga wani abin da in na tuna yanzu nake rufe fuska. Yana zaune ina zaune, tsakaninmu bai fi taku uku ba, sai wayata ta yi ƙara. Shi ne. "Zoɓon yau ya fi na wancan satin citta." Maimakon in ɗago in amsa, sai na rubuta masa, "Inna ce ta haɗa." Ya rubuto, na rubuta. Nan da nan hira ta yi daɗi, kowa ya duƙufa a kan tafin hannunsa yana ƙyalƙyala dariya. Ashe mahaifiyata ta zo wucewa ta ga abin da ake ciki ta gefen labule. Bayan ya tafi ta ce min, "Ni kam ban gane ba. Wannan zance kuke yi, ko gidan waya kuka buɗe min a falo?"

Wata ƙawata ce ta fara jefa min shakka. Da na ba ta labari sai ta tafa hannu ta ce, "Ke dai Allah ya sawwaƙe miki. Wani ne yake rubuta masa! Ba ki san ana yi ba? Aboki zai samu mai baki, ya riƙa tsara masa. Ki aure shi ki ga, ki zauna da gunki a ɗaki."

Na ce ai har a gabana yana rubutu. Ta ce, "Na gabanki guntaye ne. Dogayen fa? Kin taɓa ganin lokacin da yake rubuta su?"

Maganar ta zauna min. Na gwada kiransa, bai ɗauka ba, sai ga saƙo: "Ina ofis, rubuto ranki ya daɗe." Na ce ya turo min saƙon murya, ina son jin muryarsa. Ya mayar da abin wasa, ya ce muryarsa ba ta da kyau a waya, kada in fasa. Duk abin da ya yi sai ya zama min hujja.

Ana cikin haka Baba ya kira ni bayan ya dawo daga kasuwa. Ya ce baffan yaron nan ya sake zuwa, suna son a tsayar da magana a sa rana. Ya ce, "Ni ban ga aibunsa ba. Amma ke za ki zauna da shi. Ki yi shawara da zuciyarki, abin da kika yanke ki faɗa wa mahaifiyarki."

Na samu Inna a kicin tana tankaɗe. Na ce, "Inna, ni fa mutum biyu nake gani. Na cikin waya shi nake so. Na falo kuwa ban san shi ba, ko magana ba ya yi."

Ba ta ɗago ba ta ce, "To ke ɗin mutum nawa ce?"

Ban tsaya neman ma'anar tambayar ba, don kafin ta rufe baki idona ya koma kan waya.

A ranar na rubuta masa abin da ke raina, kuma ban tauna ba. Na ce, "Malam, don Allah ka faɗa min gaskiya. Wa yake rubuta maka saƙonnin nan? Domin wanda yake zuwa gidanmu ba shi ne mai wannan bakin ba."

Alama ta nuna ya karanta. Bai amsa ba.

Wuni ya wuce, kwana ya wuce, wani ya bi. Mutumin da ko atishawa na rubuta sai ya ce min yarhamukillah, shiru kamar an aiki bawa garinsu. A kwanakin nan na san wayar nan ba ni nake riƙe da ita ba, ita take riƙe da ni. In duba ko yana onlayin, in ajiye, kafin hannuna ya bar ta in sake ɗauka. Na zuba wa wata mata turaren da ba shi ta ce ba. Na sa gishiri sau biyu a miya. Asabar ta zo, na gyara falo duk da haka, bai zo ba.

Ranar Litinin yayarsa ta kira ni. Ta ce in kawo mata turare kwalba biyu shago, kuma in kawo da kaina, kada in aiko.

Na same ta a tsakiyar kuloli da tukwane, tana sallamar wasu mata masu haɗa kayan ɗaki. Mace ce mai jiki da murya, irin waɗanda in suna ciniki layi guda yake ji. Da suka tafi ta jawo min kujerar roba, ta karɓi turaren ta ajiye ko dubawa ba ta yi ba.

"Ƙanwata, zauna. Me kika rubuta wa ɗan'uwana ya daina cin abinci?"

Na sunkuyar da kai. Na faɗa mata komai, har da maganar ƙawata. Ta saurara, sannan ta yi wata dariya wadda ba ta jin daɗi ba.

"Wato duk zuwan nan da yake yi ba ki lura ba?"

"Da me, Yaya?"

"In'ina gare shi."

Na ɗago na dube ta.

Ta ce, "Tun yana yaro. Ba irin mai maimaita kalma kullum ba, shi maƙalewa take yi, sai ya tsaya ya yi kokawa da ita kafin ta fito. Gajerun maganganu ya iya su, ya san waɗanda ba sa ba shi wahala, da su yake rayuwa a waje. In ya saki jiki da mutum kuma aka ba shi lokaci, wallahi sai kin gaji da surutunsa. Amma ki duba gidan da ya tashi. Mahaifinmu in ya hau mumbari ba a son ya sauko. Yayyensa duk masu baki ne, wannan lauya, wancan malamin makaranta. Shi kaɗai ne in ya buɗe baki a tsakar gida yara suke kwaikwayonsa. Karatun Alƙur'ani ne kawai ba ya masa gardama, in yana yi ba za ki ce shi ba ne."

Wata mata ta leƙo tana tambayar farashin faranti, ta ce mata ta dawo an jima.

"Da waya ta zo," ta ci gaba, "sai muka ce Allah ya kawo masa sauƙi. Kuma ya kawo, don a nan muka san ashe duk cikinmu ya fi mu iya zance. Amma ta yi masa rana ta yi masa dare. Yanzu in ya je gida, yana ɗaki, Hajiyarmu tana tsakar gida, sai ya turo mata saƙo wai a ɗumama masa tuwo. Ya samu wurin ɓuya ya shige, ya daina gwadawa gaba ɗaya. Ke ce mutum ta farko da na ga ya ɗaura niyyar yi wa magana da bakinsa. A mota yake bitar abin da zai faɗa miki kafin ya shigo."

Na ce, murya ƙasa-ƙasa, "To ai ba ya faɗa."

"Na tambaye shi. Kin san me ya ce? Ya ce, 'Yaya, duk lokacin da kalmar ta maƙale, kafin in ciro ta sai in ga ta sunkuya kan waya. Sai in ce ko ta gane ne take kawar da kai don kada in ji kunya, ko kuma na gundure ta. Kowanne ne, gara in yi shiru.'"

Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan sanyi a tsakiyar kasuwa. Ni ban gane komai ba, ban kuma gundura ba. Ban ma san ina sunkuyawar ba. Hannuna ne kawai ya saba, da an yi shiru sai ya tafi neman abin da zai cike gurbin. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na bawan Allah.

Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ban kira ki don in roƙe ki ki aure shi ba. In ba za ki iya ba, ba laifi ba ne, ki faɗa tun yanzu. Amma kada ki bar shi a kan abin da bai yi ba. Rubutunsa nasa ne."

A adaidaita sahu na ɗau alwashin ba zan taɓa waya ba har in isa gida. Tsakanin Sabon Gari da Rijiyar Lemo fa, ba wata tafiya ba ce. Ban san sau nawa na tsinci hannuna a cikin jaka ba. In cire, in ɗora a cinya, mu tsaya a danja, sai in ji shi ya koma. Dariya ta kama ni, matar da ke kusa da ni ta ɗan matsa.

Da Inna na fara gwaji. Da yamma tana tsince wake na zauna kusa da ita, na bar wayar a ɗaki, na ce ta ba ni labarin yadda ta koyi haɗa humra. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Lafiya? Wayar ce ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau."

"To cajin ne babu?"

Da ta tabbatar da gaske nake, ta fara. Inna irin masu labarin nan ne da sai sun bi ta gidan kowa kafin su iso inda za su. Ta tsaya ta tuno sunan wata, ta koma baya ta gyara shekara. Sau da yawa na ji ƙafata tana son tashi. Na daure. A ranar na ji cewa kakata, wadda ban taɓa gani ba, makauniya ce a ƙarshen rayuwarta, kuma da hanci kawai take gane turaren da aka yi wa algus. Shekara ashirin da wani abu ina gida ɗaya da wannan labari.

Sai na rubuta masa gajeren saƙo. Na ce na yi kuskure, ya yi haƙuri, kuma ina roƙon ya zo ranar Asabar. Ya amsa da kalma ɗaya: "To."

Ranar na turara falo kamar kullum, har na ƙara, don neman shiri. Da na ji sallamarsa na miƙa wa Inna wayata na ce ta riƙe min, ko na zo ina kuka kada ta ba ni. Ta sa ta a cikin kwanon da take ajiye daddawa ta rufe.

Muka gaisa. Ya rame kaɗan. Ya zauna, ya dube ni, ya dubi hannuwana da ke kan cinya babu komai. Sai ya laluba aljihu ya ciro tasa wayar, ya fara rubutu.

Na ce, "Malam, tawa tana cikin daddawa. In ka turo ma Inna ce za ta karanta."

Ya yi 'yar dariya, ya juya wayar a hannunsa, ya rasa yadda zai yi da ita.

Na ce, "Na je wajen Yaya. Ta faɗa min. Ni ba kawar da kai nake ba, kuma ba gajiya nake ba, rashin hankali ne kawai da sabo. Yau ba inda za ni. Ka faɗi abin da kake son faɗa, ko zuwa isha'i ne ina nan."

Ya kifa wayar a hannun kujera. Ya ja numfashi. Ya ce, "Dama..." ya tsaya.

Ga shirun nan ya zo. Na ji shi tun daga yatsuna. Na damƙe gefen mayafina da hannu biyu, na bar idona a kansa. A cikin shirun na ji mai gyaran takalmi yana wucewa yana buga akwatinsa, na ji tattabarun maƙwabta a kan rufi. Na ga yadda jijiyar wuyansa ta tashi, yadda yake runtse ido kaɗan yana turo kalmar. Sau biyu na san abin da nake zaton zai ce, bakina ya buɗe zan ƙarasa masa, na mayar na rufe. A raina kuwa na gama shiryawa, na ce yau zan ji kalaman da aka yi watanni ana bita a mota.

"Dama," ya ce, "tu... tu... turaren nan."

"Na'am?"

"Yana shaƙe ni." Ya haɗiye yawu. "Tun ranar farko. In na shigo, numfashina ya... yakan ɗauke. Maganar sai ta ƙara wuya."

Na tsaya ina kallonsa, shi ma yana kallona, idonsa ya yi ja da hayaƙi. Sai dariya ta ƙwace min, irin wadda ba a iya tsayarwa. Shi ma ya fashe. Na tashi na fitar da kaskon tsakar gida, na buɗe tagogi duka, ina yi ina share hawaye. Inna ta leƙo daga kicin ta ce, "Yau kuma da baki ake dariyar?"

Da iska ta shigo, ya yi magana. Ba zan ce muku ta zo da sauƙi ba. Ya maƙale, ya tsaya, wani wurin ya canja kalma ya bi ta wata hanya. Amma ya faɗa min yadda saƙona ya yi masa ciwo, don rubutu ne abu ɗaya da yake ganin nasa ne a duniya, sai ga shi an ce aro ya yi. Ya ce shi ma da laifinsa, da ya faɗa min tun farko maimakon ya ɓuya a bayan waya. Daga nan ya gangara labarin wani maigidansu a ofis, kuma a nan na gano abin da waya ta daɗe tana tauye min: mutumin nan da fuska yake ba da labari. Gira, hannu, yadda yake kwaikwayon tafiyar mutum yana zaune. Har tsayawar da yake yi wani lokaci ƙara wa labarin daɗi take, don sai kin matsu sannan ya sako ƙarshen. Kiran magariba ne ya tashe mu.

Da na shiga ciki Inna ta miƙo min wayar tana warin daddawa. Na ce, "Inna, ki faɗa wa Baba su sa ranar."

Yanzu muna zaune a nan Fagge, ba nisa da gidanmu, da 'ya'yanmu. Turare a tsakar gida nake haɗawa, kuma sai ya fita. Ban bar waya ba, kada in yi muku ƙarya, da ita nake sana'a, da ita ma nake rubuta muku wannan. Shi ma bai bar nasa halin duka ba. Wani lokaci yana falo ina kicin sai in ga saƙo wai a ƙaro yaji, in leƙo in ce ban gani ba, ya faɗa da baki.

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari ba wai waya mugun abu ba ce. Ta hanyarta na same shi, kuma ita ta fara ba shi bakin da mutane suka hana shi. Amma ta koya min gaggawar da ban san na koya ba, har na zama ba na iya ba mutum ɗan lokacin da zai haɗiye yawu ya ƙarasa zancensa. Da ina zaton sauraro shi ne ka ji abin da aka faɗa. Zama da shi ya nuna min yawancinsa jira ne, kuma mutane da yawa, ba masu in'ina kaɗai ba, maganarsu ta gaskiya tana bayan ɗan shirun nan ne. In ka sunkuya a lokacin, sai su ce maka ba komai, kai kuma ka yarda.

Kuma har yau ban gama koyo ba. Kwanan baya muna cin abincin rana, yana ba mu labarin wani abu da ya faru a wurin aiki, kalma ta maƙale masa. Daidai lokacin wayata ta yi ƙara a gefen tabarma, hannuna ya tafi da kansa. Sai na ji ɗan ƙaramin hannu ya dafe nawa. Babbar 'yarmu ce, ko makarantar firamare ba ta gama ba. Ba ta ma kalle ni ba, idonta yana kan babanta, ta ce, "Mama, tsaya. Bai gama ba."

Na janye hannuna, muka jira shi tare.